Tsatsa da gajiyar ƙarfe a gaurayen nikel masu jure zafi

Gajiyar ƙarfe ita ce tsagewar da ke samun ƙarfe sannu a hankali idan ana ɗora masa nauyi ana saukewa sau da yawa. A gaurayen nikel masu jure zafi, waɗanda ake ƙera fukafukai da fayafayan injin jirgin sama da su, iskar oksijin tana hanzarta wannan tsagewa idan zafi ya tsananta. Tsagewar faifai ɗaya tana iya tarwatsa inji yana cikin aiki.

Kariyar da ƙarfen ke da ita

Ana gauraya nikel da kuromiyam da alminiyam. Idan ƙarfen ya ɗauki zafi, waɗannan biyun suna haɗuwa da oksijin su yi siririn ɓawo a samansa, wanda ke hana iska shiga ciki. Ɓawon kuromiyam yana rasa ƙarfinsa idan zafi ya haura kimanin digiri 1000 na Selshiyas, shi ya sa aka fi dogara da na alminiyam a fukafukai.

Yadda tsaga ke faruwa

Ɓawon ba ya miƙewa kamar ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Duk lokacin da inji ya tashi ya kuma tsaya, ɓawon yana fashewa, sabon ƙarfe ya bayyana, shi ma ya yi tsatsa. Oksijin kuma yana kutsawa ta iyakokin da ƙwayoyin ƙarfe suka haɗu a gaban bakin tsagar, ya raunana su. Saboda haka tsagar da a da take ratsa ƙwayoyin sai ta koma bin iyakokinsu, ta kuma ƙara sauri. Gwaje-gwaje a kan Inconel 718 a kusan digiri 650 sun nuna tsaga ta fi saurin girma a cikin iska fiye da a wurin da aka zuƙe iskarsa, musamman idan nauyin ya daɗe kafin a sauke shi. Don haka injiniyoyi suna lissafa tsawon lokacin da ƙarfe ya yi cikin zafi, tare da yawan ɗora nauyi.

Hanyoyin magancewa

Tun farkon shekarun 1980 kamfanin Pratt & Whitney na Amurka ya fara sanya fukafukai masu ƙwaya ɗaya tak a injinan jiragen fasinja, waɗanda ba su da iyakokin da oksijin zai bi. Ana kuma lulluɓe fukafukan da rufi mai yawan alminiyam, a ɗora wani na zakoniya mai rage zafin da ke isa ga ƙarfen.