Yadda Katin Rigakafi Ya Shiga Jakar Maniyyaci

Lokacin da Saudiyya ta ce sai mai shaidar allurar korona zai yi aikin Hajji, mutane da yawa a nan gida sun ɗauki abin a matsayin baƙon sharaɗi. Ba baƙo ba ne. Shekara fiye da ɗari da hamsin ke nan ana gindaya wa mahajjata irinsa.

A 1865 cutar kwalara ta ɓarke a Makka ana tsaka da aikin Hajji, ta kashe dubban alhazai, ta bi jiragen ruwa zuwa Masar, ta ƙetara Turai. Shekarar da ta biyo baya manyan ƙasashe suka yi taro a Istanbul kan yadda za a tare ta. Daga baya aka kafa sansanonin killace mahajjata, irin na tsibirin Kamaran a Bahar Maliya da na Ɗur a yankin Sina'i. Kakanninmu masu tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan su ma sai sun bi ta killacewa a Sawakin kafin su shiga jirgin Jidda. Ba za a ce duk tausayi ya sa Turawa yin haka ba, tsoron kada cutar ta iso ƙofarsu ya fi yawa a ciki.

Da jirgin sama ya zo, sai katin rigakafi mai ruwan ɗorawa ya maye gurbin sansani. Kowane hatimi da ke cikinsa yana da labarinsa. Na shawara ya daɗe. Na sanƙarau ya zama dole bayan ɓarkewar cutar a Hajjin 1987, aka kuma faɗaɗa allurar bayan wani nau'in ya bayyana a 2000 da 2001. A 1996, shekarar da sanƙarau ya yi mummunar ɓarna a Arewa, Saudiyya ta rufe wa maniyyatan Nijeriya ƙofa. Bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, sai ga dattijo mai furfura yana buɗe baki a filin jirgin Jidda ana ɗiga masa maganin da aka saba ɗiga wa jikokinsa.

Duk da haka, babu wanda ya shirya wa 2020. Ranar 27 ga Fabrairu Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi, a ranar da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Legas. Cikin 'yan kwanaki aka ga filin ɗawafi fayau, sai masu shara, kuma mutane da yawa sun zubar da hawaye a gaban talabijin. A 2019 kusan mutum miliyan biyu da rabi ne suka tsaya Arfa. A 2020 kimanin dubu ɗaya aka bari, dukkansu mazauna ƙasar. An ba su tsakuwar jifa a cikin jaka bayan an tsabtace ta, ruwan Zamzam a gora, an hana taɓa Ka'aba, kowa yana bin zanen da aka yi masa a ƙasa.

A 2021 aka ƙayyade mutum 60,000, nan ma mazauna ƙasar, kuma sai wanda ya yi allura. A watan Maris na shekarar allurar AstraZeneca kusan miliyan huɗu ta sauka Abuja ta shirin COVAX, amma jita-jita ta riga ta isowa. Abin da tallar rediyo ta kasa, son zuwa Makka ya yi: wanda ya rantse ba zai miƙa hannu ba, da aka ce babu biza sai da kati, da ƙafarsa ya je asibiti.

Ƙofa ta buɗe a 2022, amma rabi da rabi: mutum miliyan ɗaya, da gwajin cutar cikin awa 72 kafin tashi, kuma ban da wanda ya haura shekara 65. Kujera 43,008 aka ba Nijeriya. Wannan sharaɗi na shekaru shi ya fi ciwo, domin a wajenmu galibi sai mutum ya aurar da 'ya'ya, ya sayar da shanu ko amfanin gona, sannan ya biya kujera. Tsofaffi da yawa sun zuba kuɗinsu tun 2020 suna jira, wasu har Allah ya karɓi abinsa ba su sauke farali ba.

Sai a 2023 aka ɗage iyakar shekaru, aka mayar wa Nijeriya kujerunta 95,000, mutum sama da miliyan 1.8 suka yi aikin Hajji. A watan Mayun shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa da ta ayyana kan korona. Sai dai kujerar da ake biya kimanin naira miliyan ɗaya da rabi a 2019 ta kusa kai miliyan uku a 2023, kuma maniyyatan da suka ajiye kuɗinsu tun kafin annoba sai da suka nemo ciko.