Gasar Su a Ƙarshen Hunturu: Yadda Kifi Ya Sulhunta Sakkwato da Kabi

Idan damina ta ɗauke, ruwan da ya malale fadamun gulbin Rima da na Sakkwato yakan ja da baya sannu a hankali, ya bar tafkuna nan da can. Kifin da ya bi ambaliya ya shiga ciyawa ya yi ƙwai ya yi ƙiba, sai ya makale a cikinsu. Tun kaka da kakanni, a ƙasar Sakkwato da Kabi ba a barin kowa ya faɗa wa irin wannan ruwa yadda ya ga dama. Sarkin ruwa ne ke rufe shi, shi ne kuma ke sanya ranar buɗewa, galibi bayan an kai amfanin gona gida, hunturu ya kankama ko ya kama hanyar fita. Ranar su kuwa, ko sanyin asuba na yanka ƙashi, maza za su faɗa ruwa da homa da gora, kowa na fatan a ce shi ya fito da babba. Wanda ya dace da ramboshi ko giwan ruwa, sai an kwana biyu ana zancensa a kasuwa.

Daga wannan su na ƙauye aka sami gasar Argungu da duniya ta sani. Amma mutumin Boɗinga ko na Shagari da ke kallonta a talabijin yana cewa bikin Kabawa ne, ya kamata ya san cewa rabin labarin a ƙofar gidansa aka yi shi.

A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, hedkwatar daular da Kanta ya kafa tun ƙarni na 16. Bayan 'yan shekaru Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, bai koma Sakkwato ba sai 1815. Abdullahi, wanda aka damƙa wa yammacin daula, a Boɗinga ya yi zamansa kafin ya tare a Gwandu. Kusa da nan kuma ga Yabo ta Muhammadu Moyijo, wadda har yanzu sarkinta ke amsa sunan Sarkin Kabin Yabo. Wannan yanki shi ne ya yi iyaka da Kabawan da suka ƙi miƙa wuya, kuma shi ya fi ɗanɗana kuɗar abin da ya biyo baya.

Kabawa dai ba su haƙura ba. An kashe sarkinsu Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya daɗe a hannu. Da ya samu ya koma, sai ya ɗaga tutar tawaye a 1849, Argungu ta zama cibiya. Daga nan aka shiga rabin ƙarni na hari da ramuwa. An ɗan sarara a zamanin Abdullahi Toga, lokacin da har yau ake kira Lafiyar Toga, sannan wuta ta sake tashi. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya hau a 1883, ya addabi garuruwan kan iyaka, kuma yaƙin da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya kai wa Argungu a farkon shekarun 1890 bai yi nasara ba. Ko a Maris ɗin 1903, a Shagari ne rundunar Turawa da ta taso daga Kano ta haɗu da wadda ta fito daga Argungu kafin su afka wa Sakkwato. Turawa sun tsayar da yaƙi, amma ƙullin da ke zuciya ba su iya kwance shi ba.

Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka zuwa Argungu a matsayin baƙo. A nan nake ganin hikimar Sarkin Kabi Muhammadu Sama da 'yan majalisarsa. Da hawan daba aka shirya, da dawaki da masu da takubba, da an tuna wa kowa abin da ake ƙoƙarin mantawa. Sai suka kai baƙonsu bakin ruwa, suka nuna masa abin da Bakabe ya fi kowa iyawa, wanda kuma ba ya zubar da jinin kowa. Al'adun ruwan kansu, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Abin da 1934 ta ƙara shi ne mayar da su taron da ake gayyatar baƙi, har tsohon abokin gaba ya zauna a rumfa guda da mai gida.

Ƙa'idar gasar ba ta da sarƙaƙiya, wahalarta a jiki take. Ana hana su a Matan Fada, ruwan da ake gasar a cikinsa, tsawon shekara. Ranar gasa, a watan Fabrairu ko Maris, dubban masunta ke yin sahu nesa kaɗan da gaɓa, kowa da homarsa da ƙatuwar gora. Da an harba bindiga sai a ruga a guje, ruwa ya koma laka nan take, makaɗa na bin su a kwale-kwale. Gorar ita ce jirgin masunci, a kanta yake kifa ciki ya yi iyo, cikinta kuma yake zuba ƙananan kifi. Mai neman babba dole ya nutsa ya lalubo shi a ƙasa, ya yi kokawa da dabbar da ta kusa nauyinsa, cikin cunkoson da ba ya ganin ko tafin hannunsa. Kusan sa'a guda ake bayarwa, sannan a ja abin da aka samu zuwa sikeli. A 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75. A 2020, da bikin ya dawo bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, na ɗaya kilo 78 ne. Akwai kuma kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, kamun agwagwar ruwa, da kama kifi da hannu tsura.

A Ingila ma suna gasar kamun kifi cikin tsananin sanyi a bakin tafki, sai dai da fatsa. Ƙuri'a ke raba wa kowa wurin zama, a yi sa'o'i shiru, a auna abin da aka kama a mayar da shi ruwa da ransa. Nesa take da hayaniyar Matan Fada, amma a abu ɗaya sun yi tarayya da sarkin ruwa: daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni doka ta hana irin wannan kamu a kogunansu don kifi ya hayayyafa.

Bikin Argungu ya girma har Janar Yakubu Gowon da Shugaba Hamani Diori na Nijar suka halarta a 1970, UNESCO kuma ta sanya shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016. Shehu Shagari ma, kafin siyasa ta ɗauke shi, ya yi shugabancin makarantar firamare a Argungu a farkon shekarun 1950. Har zuwa 1991 da aka yanke jihar Kebbi, Argungu da Boɗinga da Shagari jiha ɗaya suke.

Abin da ke damuna shi ne ruwan kansa. Madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, da ta Goronyo bayanta, sun rage ambaliyar da ke cika fadama, kuma idan fadama ba ta cika ba kifi ba ya samun wurin ƙwai. Ga masu zuba guba a tafki, ga masu jan gidan sauro suna kwashe har 'ya'yan karfasa da tarwaɗa da ba su kai yatsa ba. Gaskiya ne talauci ke tura wasu, amma wanda ya kwashe ƙanana bana shi ne zai fita da homa badi ya dawo hannu rabbana.

Shagari yanzu tana da madatsar ruwanta, masunta kuma na cin abinci a kanta. Babu abin da zai hana hakimai da sarakunan ruwa na wannan yanki su keɓe wani sashe a rufe shi daga farkon damina, a ƙayyade faɗin idon taru, a hukunta mai guba ko ɗan wane ne, sannan a sanya rana guda a ƙarshen hunturu a buɗe wa kowa. Ranar kuma a aika wa masuntan Argungu goron gayyata su zo da gorunansu, domin ziyarar 1934 ta cancanci a rama ta a ruwan Sakkwato.