RAUNIN DA BA YA JINI: TSOFFIN SOJOJINMU NA ƘARAYE DA ROGO DA CIWON GAƁƁAI

Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni a Abuja, a saki tattabaru, kowa ya watse. Ni yau maganar waɗanda suka dawo gida da rai nake son yi, da ƙafafunsu biyu, amma gwiwa da ƙugu da baya suka ci su a hankali. Akwai su a Ƙaraye, akwai su a Rogo. Za ka gane su a masallaci: su ne masu sallah a kan kujera a ƙarshen sahu.

Ciwon da ke damun yawancinsu shi ne wanda muke haɗawa mu ce sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Abin da ke faruwa shi ne, guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi yake zaizayewa, har su riƙa gugar juna. Tsufa na kawo shi, amma ɗaukar kaya mai nauyi, doguwar tafiyar ƙasa, tsalle daga mota da tsohon targaɗe suna gaggauta shi. Wannan kuwa ai shi ne aikin soja daga farko har ƙarshe.

Mu koma baya kaɗan. Lokacin yaƙin Hitila, Turawa sun ɗebi samari a ƙasar Kano ta hannun En'e, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. A 1943 runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tafi Indiya, daga nan ta shiga Bama, ta 82 ta bi bayanta a 1944. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, don haka aka ware dubban sojoji aikinsu kawai dakon harsasai da abinci da kayan manyan bindigogi a ka, hawa dutse, sauka dutse, wata da watanni. Da aka gama yaƙi, wanda ya rasa ƙafa ko hannu shi ido ya gani. Asibitin ƙashi na Igbobi a Legas ma asalinsa sansanin jinyar irin waɗannan sojoji ne. Wanda kuwa wuyansa da gwiwarsa suka fara lalacewa a ciki, sai aka sallame shi a matsayin lafiyayye, ya koma gona.

Kuma fa neman haƙƙin tsohon soja bai taɓa zuwa da sauƙi ba a yankinmu. Ranar 1 ga Disamba 1944, sojojin Faransa sun buɗe wuta a kan sojojin Afirka a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, saboda sun nemi kuɗinsu. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 a Ankara ta ƙasar Gana, aka harbe tsoffin sojoji uku suna hanyar kai wa gwamna takardar koke. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi wa Faransa yaƙi, a 1959 aka daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai a 2011, bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2010. Kafin lokacin yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Sai yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Sojan Najeriya ya tashi daga wajen mutum 10,000 ya kai kusan 250,000. An ɗebi mutane cikin gaggawa, an sallami da yawa bayan yaƙi, kuma takardu ba su bi kowa daidai ba. Yaron da ya shiga yana da shekara 18 a 1967, yau ya haura 75. Bayansu ga 'yan Laberiya daga 1990, ga 'yan Saliyo, ga kuma na Arewa maso Gabas da suka fara ajiye kaki yanzu. Ina yaro, duk tsohon sojan da na sani a karkararmu yana da jakar leda ko ƙaramin akwati da yake ɓoye takardun sallama, kamar takardar gona. A lokacin dariya abin yake ba mu. Ashe rayuwarsa ce gaba ɗaya a ciki.

To ina matsalar take? A tsarin soja, ba a biyan kuɗin nakasa sai kwamitin likitoci ya duba mutum, ya rubuta cewa aiki ne ya jawo. Harsashi yana da rana, yana da wuri, yana da shaidu. Gwiwa ba ta da ko ɗaya. Sau da yawa ba ta kwantar da mutum sai bayan shekara goma ko ashirin da barin bariki. Idan ya zo da kuka sai a ce, Baba ai tsufa ne. Shi kuma ba shi da abin da zai nuna, don lokacin da yake cikin kaki soja ba ya zuwa asibiti saboda ciwon gwiwa, kar a ce rago ne.

Ga kuma nisa. Hukumar Fanshon Soja tana Dutsen Alhaji a Abuja. Babban asibitin soja na 44 yana Kaduna. Asibitin ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, yana cikin Kano. Ku yi tunanin dattijon Fulatan ko Zarewa ko Kwanyawa da ba ya iya hawa babur sai an ɗora shi. Kuɗin mota, kuɗin ɗan rakiya, kuɗin hoton ƙashi, a ƙarshe a ce ya dawo wani mako. Mutum nawa ne za su koma karo na uku?

Ban ce mu kwaikwayi Amurka a komai ba, amma a nan akwai abin dubawa. Dokarsu ta ce idan ciwon gaɓɓai ya bayyana da wani mizani cikin shekara guda bayan sallama, ana ɗauka aikin soja ne ya jawo shi, ba sai mutum ya kawo hujja ba. Ana auna nakasa da kashi cikin ɗari, a biya gwargwado. Wanda aka hana yana da shekara guda ya ɗaukaka ƙara, akwai hukumar sauraron ƙararrakin tsoffin sojoji tun 1933, da kotu ta musamman tun 1988. Mu kuwa hanyar da ta fi aiki ita ce dattawa su shimfiɗa tabarma a ƙofar ma'aikata a Abuja, kamar yadda suka yi a Janairun 2022. Wallahi abin kunya ne.

Amma akwai abin da za mu iya daga nan gida. Masarautar Ƙaraye ƙananan hukumomi biyu ne a ƙarƙashinta, Ƙaraye da Rogo, kuma ɗan majalisar tarayya guda ne ke wakiltar su. Hakimai da dagatai su ne suka miƙa kakanninmu ga soja, ba zai gagare su tattara sunayen waɗanda suka rage ba, tare da ƙungiyar Nigerian Legion da aka kafa tun 1964. A kawo likitan ƙashi ko sau ɗaya a wata uku. Ɗan majalisa ya kai koken a dunƙule, ya kuma nemi a sa ciwon gaɓɓai cikin cututtukan da doka ta yarda aiki na jawowa. Sashe na 173 na tsarin mulki ya hana a riƙe wa ma'aikaci fanshonsa, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron shari'ar fansho.

Ku kuma 'ya'ya da jikoki, ku ɗauki hoton takardun Baba da waya tun yau: lambar soja, takardar sallama, katin asibiti. Duk koken da za ku kai ya zama a rubuce, ku riƙe kwafi mai hatimi. Ƙannenmu da ke cikin kaki yanzu, idan gwiwa ta fara ƙara ku je a rubuta a fayil kafin ranar sallama. Da sanyin safiya ake kama fara.

Wanda yake da tsohon soja a gida, ya faɗa mana garinsu da shekarar da ya yi aiki a ƙasan wannan rubutu, ba sai da suna ba, mu san yawansu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.