Motsa jiki ga mai juna biyu

An daɗe ana ɗauka cewa hutu shi ne ya fi dacewa da mace mai juna biyu. A yau masana kiwon lafiya sun amince cewa matsakaicin motsa jiki kariya ne ga uwa da abin da ke cikinta, muddin cikin ba shi da matsala.

A shekarar 1985, ƙungiyar likitocin mata ta Amurka, ACOG, ta shawarci masu ciki da kada bugun zuciyarsu ya wuce 140 a minti ɗaya yayin motsa jiki. Ta janye wannan iyaka a 1994.

A 2020 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako ga masu juna biyu, wato kamar minti 30 a rana har kwana biyar.

Amfaninsa

A cewar hukumar, motsa jiki yana rage haɗarin hawan jini na masu ciki, wanda idan ya tsananta yake kai ga jijjiga, ɗaya daga cikin manyan dalilan mutuwar mata wajen haihuwa.

Yana kuma rage haɗarin ciwon sukari da ke bayyana lokacin goyon ciki, domin tsoka mai aiki tana janye sukari daga jini. Wannan ciwo kan sa jariri ya yi girma fiye da kima, naƙuda ta yi wuya.

Haka nan yana hana ƙiba mai yawa, yana sassauta ciwon baya, yana kuma rage ciwon damuwa bayan haihuwa. Hukumar ta ce ba ya ƙara haɗarin mutuwar jariri a ciki.

Irin wanda ya dace

Tafiya da ɗan sauri ita ce mafi sauƙi, ko da a tsakar gida ne. Ma'aunin shi ne mace ta iya magana tana cikin yi ba tare da numfashinta ya sarƙe ba.

Wadda ba ta saba ba sai ta fara da 'yan mintuna, ta riƙa ƙarawa sannu a hankali.

A wurare masu tsananin zafi kamar arewacin Najeriya da Nijar, ya fi kyau a yi da sanyin safiya ko da yamma, a kuma sha ruwa kafin farawa da bayan gamawa.

Ana so a guji duk abin da zai jawo faɗuwa ko buguwa a ciki, da kuma motsa jiki a kwance rigingine bayan watanni ukun farko.

Lokacin da za a dakata

Akwai matan da motsa jiki bai dace da su ba, kamar masu ciwon zuciya, da masu matsanancin ƙarancin jini, da waɗanda bakin mahaifarsu ke da rauni ko mabiyiya ta tare shi. Wajen awon ciki ne ake gane hakan, shi ya sa ake so a fara tuntuɓar likita ko ungozoma.

Idan mace ta ga jini, ko faya ta fashe, ko ta ji jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa, sai ta tsaya nan take ta nufi asibiti.