Mazan Da Suka Tsaya Kallo

Daga Aboabo ni ke rubuto maka, kusa da kasuwar hatsi ta Tamale. Zan ba ka labarin wani abu da ya daɗe a ƙasarmu ta arewacin Gana, domin ka ga wurin da ya kamata namiji mai-bi ya tsaya.

Tun zamanin kakanni, idan yaro ya mutu, ko ciwo ya shiga gida, a kan nemi wanda za a ɗora wa laifi. Yawanci a kan tsohuwa ya kan faɗa, gwauruwa wadda ba ta da mai tsaya mata. Sai a ce mayya ce, a duke ta, a kore ta. Haka aka sami unguwannin korarru a Gambaga, da Kukuo, da Gnani, da Kpatinga.

Tsofaffin Gambaga sun ce wani limamin garin ne ya fara karɓan wata mace da a ke shirin kashewa, ya ba ta mafaka. Daga baya sarkin garin, Gambarana, ya ɗauki riƙon irin waɗannan mata. Ka lura, namiji ɗaya ne ya ce a'a, rayuka da yawa kuwa suka tsira.

A 1994 Ekklesiyar Presbyterian ta Gana ta soma aiki a Gambaga na mai da korarrun nan gida. Ma'aikatanta su kan tafi ƙauyen tsohuwa, su zauna da sarki, da 'ya'yanta, da 'yan'uwanta, har zukata su yi sanyi. Gama ƙofa ba ta buɗuwa sai mazan gida sun yarda. A 2007 kuma Gana ta kafa dokar hana cin zali cikin gida.

Duk da haka, ran 23 ga Yuli 2020, a Kafaba kusa da Salaga, aka duki wata tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu, wai mayya ce. A 2023 babban kotun Tamale ya ɗaure mata biyu shekara 12 kowace. Amma da rana aka yi abin nan, a gaban taron jama'a, har aka ɗauki hotonsa da waya. Ina maza su ke? Suna tsaye suna kallo.

Ka duba Bishara ta Yohanna, sura 8. Sa'anda aka kawo mace gaban Yesu domin a jajjefe ta, bai tsaya kallo ba. Ya mai da shari'ar bisa masu ƙararta, suka watse ɗaya ɗaya.

To, ɗan'uwa, kada ka ce wannan na arna ne. Cikinmu akwai mai raira waƙa ran Lahadi, ya koma gida ya mari matarsa. Akwai mai jin kuka ta bayan katanga, ya ce ba ruwansa. Shiru irin wannan zunubi ne. Idan ka ji kuka, ka tashi ka buga ƙofa. Idan an zargi tsohuwa, ka ba ta wurin kwana, ka kira dattawan ekklesiya, ka kai magana wurin 'yan sanda. Ka soma kuwa da hannunka, cikin gidanka.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciya. Amin.