Littafin Da Ke Hannunmu, Daga Ina Ya Zo?

Yau za mu duba wata tambaya wadda masu bi na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura suka saba ji a kasuwa, a gona da makaranta. Maƙwabci yakan ce, Linjilar da ke hannunku ba ta asali ba ce, an sake ta. Ɗalibi kuma yakan dawo daga jami'a, ko ya ga wani abu a wayarsa, ya ce ai labaran nan tatsuniya ce. In uba ya rasa amsa, ɗa yakan zaci babu amsa ne. Ta haka 'ya'yanmu suke sulalewa daga ikkilisiya a hankali.

Tambayar ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim wanda ya duƙufa a kan abin da aka rubuta game da Annabi Isa, har aka kashe shi a Kano saboda koyarwarsa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu wajen Ningi da ƙasar Zazzau. A 1913 waɗansu daga cikinsu suka je wurin Dokta Walter Miller a Zariya suna neman Linjila su karanta da idonsu. Ba dukan Isawa ne suka bi Almasihu ba, amma waɗannan sun nuna hali mai kyau: sun nemi littafin tukuna kafin su yanke hukunci.

Littafin da suka nema ya yi doguwar tafiya kafin ya iso mana. J. F. Schön ya buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, Sabon Alkawari kuma a 1880. Miller da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, suka ci gaba har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Wannan ne aka karanta a tashar mishan ta SIM a Roni da makarantarta ta yara maza, shi ne kuma yake hannun iyayenmu sa'ad da aka kafa ECWA a 1954. Sabuwar fassara ta fito a 1980. Wani yakan ga bambancin kalmomi tsakanin ta 1932 da ta 1980 ya ce, kun gani, kuna da littafi biyu. Amsar ita ce, dukansu fassara ce. Tushen yana cikin Ibrananci da Helenanci, can kuwa ya kamata mu duba.

Kafin injin ɗab'i, da hannu ake kwafe littafi, kamar yadda malaman ƙasarmu suke yi da alƙalamin kara da tawada. Mai kwafi ɗan adam ne, yakan tsallake layi, yakan maimaita kalma. Amma a ce almajirai goma a garuruwa goma sun kwafi wasiƙa ɗaya. Kuskuren na Babura ba zai zama daidai da na Gwiwa ba. In aka jera takardun goma, sai kuskuren kowa ya fito fili. Haka masana suke yi da Sabon Alkawari, gama akwai rubuce-rubucen hannu na Helenanci fiye da 5,000, ban da tsofaffin fassarori na Latin, Suriyanci da Kibɗanci.

A ƙarni na 19 shakka ta yi ƙarfi a jami'o'in Jamus. F. C. Baur na Tübingen ya koyar cewa an rubuta Bisharar Yahaya can wajen shekara ta 170, bayan manzanni sun daɗe da mutuwa. A lokacin nan kuwa wani Bajamushe, Tischendorf, yana yawon neman tsofaffin takardu. A 1844 da 1859 ya sami littafin da ake kira Sinaitikus a gidan sufaye da ke gindin Dutsen Sina'i. An rubuta shi wajen shekara ta 350, yana ɗauke da Sabon Alkawari duka. A 1933 Ingila ta sayi mafi yawansa daga gwamnatin Rasha a kan fam 100,000, yana London, an kuma sa hotunansa a intanet. Shi da takwaransa Batikanus na Roma sun girmi Hijira da fiye da shekara 250. Labarin gicciye da tashin Yesu da ke cikinsu shi ne muke karantawa ran Lahadi. A 1935 kuma aka buga wani ɗan guntun takarda daga Masar, mai ayoyi daga Yahaya sura 18, wanda yawancin masana suke sa shi a ƙarni na 2. Yau da wuya a sami masanin da ke riƙe da lissafin Baur.

Tsohon Alkawari ma ya sami shaida. Wajen 1947 makiyaya Larabawa suka tarar da tuluna cikin kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri. A ciki akwai naɗaɗɗen littafin Ishaya da aka rubuta fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu. Ya girmi kwafin Ibrananci da aka dogara da su da kamar shekara 1,000. Da aka gwada, an sami bambanci a rubutun kalmomi da waɗansu wurare kaɗan, amma Ishaya 53, labarin Bawa mai shan wuya, yana nan.

Duwatsu kuma sun yi magana. A 1961 aka tono dutse a Kaisariya mai ɗauke da sunan Bilatus Babunti, mai mulkin Yahudiya. Rubutun da aka samu a Delfi ya nuna Galiyo ya yi mulkin Akaya wajen shekara ta 51 zuwa 52, shi ne wanda aka kai Bulus gabansa a Ayyukan Manzanni 18. A 1993 aka sami dutse a Tel Dan mai ambaton gidan Dawuda, a lokacin da waɗansu suke cewa ba a taɓa yin sarki Dawuda ba. Takitus, marubucin Roma wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta wajen shekara ta 116 cewa Bilatus ne ya kashe Almasihu a zamanin Kaisar Tibariyas.

Yanzu fa, 'yan'uwa, mu faɗi gaskiya duka, gama ramin ƙarya ƙurarre ne. Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53 zuwa 8:11 ba sa cikin Sinaitikus da Batikanus. Masana Kirista ne da kansu suka bayyana haka, fassarori da yawa kuma sukan sa alama a wurin. Ƙidayar Kiriniyas a Luka 2:2 tana da wuya: Yusufus Bayahude ya sa ta a shekara ta 6 bayan Almasihu, Hirudus kuwa ya mutu kamar shekara goma kafin nan. An kawo bayani iri iri, masana ba su daidaita ba. Gara 'ya'yanmu su ji waɗannan daga bakinmu da su fara jinsu daga bakin mai ba'a. Ko an ajiye ayoyin nan gefe, tashin Yesu yana cikin Matiyu, Luka, Yahaya da farkon Markus 16.

Dutse ba zai iya tabbatar da tashi daga matattu ba. Abin da tarihi ya ba mu shi ne shaidu. Wajen shekara ta 55, kamar shekara 25 bayan gicciye, Bulus ya rubuta wa Korantiyawa, ya lissafta waɗanda suka ga Ubangiji, ya ce yawancinsu suna da rai. Ko masu shakka sun yarda Bulus ne ya rubuta wannan wasiƙa. Daga nan sai kowa ya zaɓa, ya gaskata shaidun ko ya ƙi.

Bitrus ya umarce mu mu zauna a shirye da amsa, cikin tawali'u da ladabi. Wanda ya yi mana tambaya maƙwabcinmu ne, rijiya ɗaya muke sha, tare muke zaman makoki. Kada mu zagi littafin kowa. Mu ba shi Bisharar Luka ya karanta, mu kuma mu karanta tamu kowace rana.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode domin Maganarka da ka kiyaye har ta iso mana da harshenmu. Ka ba mu sani da tawali'u, ka riƙe 'ya'yanmu. Cikin sunan Yesu, amin.