Daga Fada Zuwa Kasuwa: Rediyo da Iyayen Gidan Mawaƙan Hausa a Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ratsa Bacirawa da hantsi a wannan zamani zai ji kiɗa yana tashi daga shagon tela da teburin mai shayi da cikin A-daidaita-sahu, kuma kaso mai yawa na wannan kiɗa daga tashoshin rediyo na 'yan kasuwa yake fitowa. Bacirawa tana cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, arewa da birnin Kano, a yankin nan mai cinkoson gidaje da gonaki wanda Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya nazarta a shekarun 1960. A wancan lokaci manoman yankin suna noma gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda kowace shekara ba hutu, jakunansu suna kai itace birni suna komowa da taki. A yau birni ya cim ma Bacirawa, gidaje sun cinye yawancin gonakin.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin yadda kunnen mazaunin irin wannan wuri ya tashi daga gangar noma ya koma ga waƙoƙin yayi na rediyo. Tambayar da za a riƙe tun daga farko har ƙarshe guda ce, watau wane ne ubangidan mawaƙi a kowane zamani, domin Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

2.0 Kiɗa kafin zuwan rediyo

Kamar yadda aka sani, a tsarin gargajiya kusan kowane makaɗi yana da ubangida ko rukunin jama'ar da yake yi wa kiɗa. Makaɗan taushi da kotso na sarakuna ne, kamar Ibrahim Narambaɗa wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙa, da Salihu Jankiɗi wanda ya zauna a fadar Sarkin Musulmi. Kalangu na mahauta ne da 'yan mata, kiɗan ƙira na maƙera, gangar noma kuwa ta manoma ce a ranar gayya. Ban da waɗannan akwai waƙoƙin da ba su da ubangida ko kaɗan, irin su na daka da niƙa da reno da gaɗa, waɗanda mata da 'yan mata suke yi don rage wahalar aiki ko don nishaɗin dandali.

Abin lura a nan shi ne, waƙa ba ta wuce inda muryar mai ita ta tsaya. Mai son jin makaɗin fada sai ya je ƙofar fada, manomin ƙauye kuwa abin da yake ji shi ne kiɗan garinsu da na baƙin makaɗa da ke yawo bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo hannu.

3.0 Zamanin rediyon gwamnati

A shekarar 1944, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, gwamnatin mulkin mallaka ta fara kafa lasifikoki a wuraren taruwar jama'a a Kano, kamar ƙofar majalisar sarki da ɗakin karatu da gidan waya. Waya ce take kawo magana cikin waɗannan akwatuna, saboda haka mai sauraro ba shi da ikon murɗawa ya nemi wata tasha, kuma wayar ba ta kai ƙauyuka ba. A 1957 aka kafa Hukumar Watsa Labarai ta Nijeriya bisa tsarin BBC, a shekarar ce kuma ita BBC ta buɗe sashenta na Hausa.

Babban sauyi ya zo a 1962, lokacin da Gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna tare da kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar ƙaramin akwatin rediyo mai aiki da batir, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1954. Da yake ba ya bukatar lantarki ko waya, sai kuɗin gyaɗa ya kai shi zaurukan ƙauye, manomi ya rataye shi a reshen bishiya yana noma yana saurare. Daga baya kuɗin Udoji na 1975 ya cika gidajen ma'aikata da rediyo mai kaset.

A wannan zamani gwamnati ta zama sabon ubangida. Ita take zaɓen wanda za a ɗauki muryarsa, ita kuma take neman a yi mata waƙoƙin wayar da kai a kan noma da tsabta da yaƙi da jahilci, da na ƙarfafa gwiwar soja a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Rediyon Kaduna ne ya shigar da muryar Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos kowane lungu, har aka wayi gari mutumin Bacirawa da na Maraɗi da na Kumasi suna sanin waƙa guda a mako guda. Wannan abu ne da ba a taɓa gani ba a tarihin waƙar Hausa.

Daɗin daɗawa, shirin Zaɓi Sonka ya ba mai sauraro ɗan abin faɗa. Mutum yakan aika da kati ko wasiƙa ya zaɓi waƙa ya gai da 'yan uwa da abokai, kuma daga yawan wasiƙun ma'aikata suke gane waƙar da ta karɓu. A ƙasar Hausa wannan shi ne mafarin auna farin jinin waƙa da yawan masu nemanta. Ta wannan ƙofa kuma waƙoƙin finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Kwarori suka saba wa mutanen birni da su, suka shiga gidajen matan aure da ba su taɓa taka silima ba.

4.0 Asalin rediyon kasuwa

Rediyon da ke rayuwa da kuɗin talla a Amurka ya girma. A farkon shekarun 1950 wani mai gidan rediyo a birnin Omaha, mai suna Todd Storz, ya gina tasharsa a kan maimaita 'yan fayafayan da suka fi kasuwa dare da rana, daga nan tsarin waƙoƙi 40 da ke kan gaba ya samo asali. A shekarun 1950 ɗin ne kuma mujallar Billboard ta fara buga jerin waƙoƙi 100 mafiya farin jini a kowane mako. Hikimar abin a fili take. Tasha tana tara masu sauraro da waƙar da suke so, sa'an nan ta sayar wa mai talla da kunnuwansu. Ashe ke nan hajar da tashar take sayarwa ita ce mai sauraro, waƙa kuwa tsaba ce da ake watsawa don tsuntsu ya sauka.

Tsarin ya zo da cutarsa tun daga farko. A 1959 da 1960 majalisar dokokin Amurka ta binciki masu gabatar da shirye-shirye da suke karɓar toshiyar baki daga kamfanonin faifai don su riƙa sa waƙoƙinsu, har aka gyara doka aka wajabta bayyana duk waƙar da aka biya kuɗi aka sa. Ingila kuwa, wadda Nijeriya ta gaji tsarinta, ba ta buɗe tashoshin rediyo na kasuwa bisa doka ba sai 1973.

5.0 Buɗe ƙofa a Nijeriya da Kano

Fiye da shekara 30 bayan samun mulkin kai, rediyo a Nijeriya yana hannun gwamnatin tarayya da na jihohi kaɗai. Matsin tattalin arziki da shirin gyaransa na 1986 suka sa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta matsa wa gidajen rediyonta su nemi wani ɓangare na kuɗin gudanarwa daga talla. A 1992 ta kafa dokar soja mai lamba 38, wadda ta samar da hukumar da ke ba 'yan kasuwa lasisin buɗe tasha. Raypower ta Raymond Dokpesi ta fara aiki a Legas a 1994. A Jamhuriyar Nijar ma a tsakiyar shekarun 1990 aka sami tashoshi masu zaman kansu irin su Anfani.

A Kano, tashar da ta sauya al'amura ita ce Freedom Radio, wadda Alhaji Bashir Ɗalhatu da abokan aikinsa suka buɗe a Sharaɗa a watan Disamba 2003, a kan mita 99.5. Shirye-shiryenta irin su In Da Ranka da Kowane Gauta sun jawo jama'a, wayar salula kuwa, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta maye gurbin katin Zaɓi Sonka. A 2011 kamfanin da ya kafa Cool FM a Legas tun 1998 ya buɗe reshenta a Kano a kan mita 96.9, tare da Wazobia FM. Cool FM ita ce ta fi kama da tsarin Omaha, domin da Ingilishi take magana, waƙoƙin yayi na Legas da Amurka kuma su ne jarinta. Amma kasuwar Kano da Hausa take ciniki, saboda haka kamfanin ya ƙara da Arewa Radio a kan mita 93.1.

Ya kamata a lura da wani bambanci na fasaha. Gajeren zangon da Kaduna ta yi amfani da shi yana keta ƙasashe, zangon FM kuwa ba ya wuce inda dogon ƙarfen tasha yake hangowa. Wannan ya sa tashar FM ta zama ta gari guda, tallanta na 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa da masu makarantun kuɗi da masu maganin gargajiya da 'yan siyasa. Ya kuma sa wurare irin su Bacirawa, da ke gindin birni, suka shiga cikin kasuwar kunne ta Kano tun kafin kwalta da famfo su wadace su.

6.0 Waƙar da kasuwa ta haifa

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990, sana'ar finafinan Hausa ta bunƙasa a Kano, ɗakunan ɗaukar sauti irin su Iyan-Tama suka shigo da fiyano mai kwaikwayon kowane kayan kiɗa. Daga nan aka sami waƙoƙin da ake kira nanaye, sunan da ya fito daga amshin 'yan mata a dandali, ko da yake zubin amsa-amsa tsakanin saurayi da budurwa daga finafinan Indiya aka aro shi. Waƙar fim ɗin Sangaya tana cikin na farko da suka game ƙasa. Bayanta aka sami mawaƙa irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Ali Jita, da kuma matasa masu salon gambarar zamani.

Irin wannan waƙa ta dace da bukatar tashar kasuwa ta fuska uku. Gajera ce, ba kamar waƙar fada ko ta Shata da ke iya cinye rabin sa'a ba, don haka talla tana samun wurin shiga. Jigonta mafi yawa soyayya ce, wadda ba ta da gari ba ta da ubangida. Sa'an nan mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta ya isa ya haɗa ta, ba sai an ciyar da 'yan amshi da makaɗa goma ba.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, Gwamnatin Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, ikonta kuma ya kai ga mawaƙa, har a 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta waƙoƙi 11. Ke nan mai tsara shirin kiɗa a Kano yana tsakanin ƙarfi uku, watau abin da matasa suke nema, da abin da mai talla zai biya, da abin da hukuma da malamai za su lamunta.

A 'yan shekarun nan wani ƙarfi na huɗu ya bayyana. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa a 2020, lokacin kullen annobar korona, ta hanyar wayoyin hannu da shafukan intanet. Masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre, da YouTube da TikTok, su ne suke fara nuna abin da ya karɓu, rediyo ya biyo baya.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, cikin shekara 80 mawaƙin Hausa ya sauya ubangida daga sarki zuwa gwamnati, daga gwamnati zuwa mai talla. Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce. Ɗan talaka wanda bai gaji kiɗa ba yana iya yin suna ba tare da ya durƙusa a ƙofar kowa ba, harshen Hausa kuma ya tabbata cewa yana da kasuwa, tun da har kamfanin da ya zo da Ingilishi sai da ya buɗe tashar Hausa.

Asarar kuwa ta faɗa kan waƙoƙin da ba su da mai saye. Gangar noma ta dogara ga gayya, gayya ta dogara ga gona, gonakin Bacirawa kuwa sun zama filotai. Injin niƙa ya kashe waƙar niƙa, dandali ya yi ƙaranci. Babu mai talla da zai ɗauki nauyin waɗannan, kuma ba za a zargi tashar kasuwa don ta bi abin da ke ciyar da ita ba. Nauyin yana wuyan gidajen rediyon gwamnati, waɗanda da dukiyar jama'a aka gina su, da ma'aikatun al'adu, da sassan Hausa na jami'o'i. Tsofaffin fayafayai da kaset-kaset da ke ajiye a Kaduna da Kano suna bukatar a kwafe su cikin na'urorin zamani kafin zafi da ƙura su lalata su. Ɗalibai kuma suna da aikin da ba ya bukatar kasafin kuɗi, domin wayar da suke jin waƙar yayi da ita tana ɗaukar murya, kuma a unguwanni irin su Bacirawa har yanzu akwai dattawan da suka yi noma da ganga, da tsofaffin matan da suka yi gaɗa a dandali kafin rediyo ya shiga gidajensu.